DJ Hero: Abin da Faifan Roba Yake Koya wa Hannu da Abin da Yake Ɓoye wa Kunne

A gidajen gem na Kaduna, daga Kawo har Tudun Wada, ƙwallo ce ke mulki. Da wuya ka leƙa ka tarar da wani abu a talabijin ban da PES ko FIFA. Amma a cikin tarkacen kayan lantarki na gwanjo, jefi-jefi akan ci karo da wata baƙar na'ura ta roba mai faifai irin na garmaho, da madannai uku a kansa: kore, ja da shuɗi. Sau da yawa mai sayarwar ma bai san ko ta mece ce ba. Wani ya ce kayan DJ ne, wani ya ce abin wasan yara ne. Kowa ya taɓo gefen gaskiya.

Na'urar wasan DJ Hero ce. Kamfanin FreeStyleGames da ke garin Leamington Spa a Ingila ne ya ƙirƙiro wasan, Activision ya fitar da shi a watan Oktoba na 2009, a kan PlayStation 2, PlayStation 3, Xbox 360 da Wii. Ya zo da haɗe-haɗen waƙoƙi 93, akasarinsu waƙa biyu ne aka dama wuri ɗaya, kuma manyan masu sana'ar irin su Grandmaster Flash, DJ Jazzy Jeff, DJ Shadow da Daft Punk sun sa hannu a ciki. Flash ɗin ne ma muryar da ke koyar da sabon shiga.

Tambayar da ke biyo baya kullum ita ce: wanda ya ƙware a wannan wasa, ya zama DJ ke nan? Amsar ba ta tsaya a e ko a'a ba. Sai an ware aikin DJ gida-gida, a ga wanne wasan ya miƙa wa ɗan wasa, wanne kuma aka gama shi tun a situdiyo kafin faifan wasan ya shigo kasuwa.

Asalin abin da ake kwaikwayo

Teburin DJ na asali abu uku ne: garmaho a hagu, garmaho a dama, da miksa a tsakiya. A jikin miksa akwai wani ɗan ƙarfe mai zamewa hagu da dama, masu sana'ar suna ce masa kurosfeda. Aikinsa sak na sakatar ƙofa, don haka bari mu kira shi sakata. Ka tura ta hagu, faifan hagu kaɗai jama'a ke ji. Ka tura ta dama, na dama kaɗai. Ka tsayar da ita a tsakiya, duka biyun na fita tare.

A unguwar Bronx ta birnin New York a 1973, DJ Kool Herc ya lura cewa masu rawa sun fi zaburowa a gaɓar da mawaƙi ya yi shiru aka bar ganga kaɗai. Sai ya riƙa sayen kwafi biyu na faifai ɗaya, idan gaɓar ta ƙare a wannan ya tayar da ita a wancan, ya mai da 'yan sakanni suka zama mintuna. Grandmaster Flash ya zo ya tsaftace dabarar har ba a jin wurin ɗinkin. Kartar faifai kuwa, wato a dafe shi da yatsu ana kai shi ana komowa ƙarƙashin allura har ya ba da wannan ƙara mai kama da yagar ƙyalle, ana jingina ta ga Grand Wizzard Theodore. Na'urar da ta jure wannan wahala ita ce Technics SL-1200 da ta fito a 1972, musamman samfurin MK2 na 1979, domin injinta ne ke juya faifan kai-tsaye ba da bel ba, ko ka riƙe shi ka sake, nan take yake komawa saurinsa.

Hannu biyu, layi uku

Na'urar DJ Hero faifai ɗaya gare ta, ba biyu ba. Dabarar da aka yi ita ce madannan: kore yana wakiltar waƙar hagu, shuɗi waƙar dama, ja kuma 'yan gajerun sautukan da ake yaryaɗawa a sama kamar yaji. Hannun dama na kan faifai, yatsu uku a kan madannai uku. Hannun hagu na kan ɓangaren miksa, inda sakata take, da wani abin murɗawa mai canza launin sauti, da madannin da ake kira Euphoria. Bahago bai da matsala, ana cire ɓangaren faifan a mayar da shi ɗaya gefen.

A talabijin, layuka uku ne ke gangarowa a kan hoton faifai mai juyawa, suna nufo wani wuri a ƙasa. Duk alamar da ta iso wurin, a lokacin za ka aikata abin da ta ce. Ɗigo yana nufin danna ka saki. Doguwar alama mai kibiyoyi tana nufin danne madannin ka karta faifai. Idan layin kore ya karkace ya fita hagu, sakata ta bi shi hagu. Idan shuɗi ya fita dama, ta tafi dama. Idan suka dawo mazauninsu, ta koma tsakiya. Da ka yi kuskure, waƙar wannan layin sai ta ɗauke na ɗan lokaci, ninkin makinka kuma ya faɗo ƙasa. Ba a korar mutum a tsakiyar waƙa komai ɓarnarsa, sai dai ya gama da tauraro ɗaya maimakon biyar.

Matakan wahala biyar ne. Biyun farko na ɗanɗano ne kawai. Wanda yake son ya koyi wani abu ya fara daga na uku, wato Medium, domin a nan ne sakata ke fara aiki sosai, kuma ita ce zuciyar wasan.

Sakata ce ke kayar da mutane

Tura ta ƙarshen hagu ko ƙarshen dama ba wuya, bango ne zai tare ta. Wahalar tana wajen dawo da ita tsakiya. Akwai ɗan gurbi a tsakiyar da ake jin ta faɗa ciki, amma ba shi da zurfi, kuma a na'urar da ta sha hannu ya riga ya sule. Sabon ɗan wasa yakan kama ta da yatsu biyu kamar zai tsinci tsakuwa, ya fizgo ta da ƙarfin dantse, sai ta zarce tsakiya ta faɗa ɗaya ɓangaren. Kuskure ɗaya ya zama biyu: ya kashe waƙar da ya kamata a ji, ya kuma buɗe wadda ba a nema ba.

Gyaran yana wajen zaman hannu. A kafa gindin tafin hannu a jikin miksar kada ya ɗaga, a sa babban yatsa a gefe ɗaya na sakata, manuni ko na tsakiya a ɗaya gefen, ya zama yatsu ne kaɗai ke motsi. Idan za a dawo daga hagu, yatsan da ke dama shi ne birki: a ajiye shi daidai inda tsakiya take tun kafin a turo. Haka nan tsakiyar da wasan ke karɓa ta fi gurbin faɗi kaɗan, ba sai an ji ƙas ba.

A manyan matakai akwai wata alama mai tsini kamar ƙaya a jikin layi. Wannan fita ce da komowa cikin ƙiftawar ido: sakata ta taɓa gefe ta dawo inda take. Masu faɗuwa a nan suna ɗaukarsa motsi biyu ne, tafiya da dawowa. Motsi ɗaya ne, kamar ɗalla wa yaro yatsa a goshi. Yatsa ɗaya ya harba, ɗayan ya maido kamar roba.

Karta kuma nata sirrin dabam. A matakan ƙasa duk yadda ka jijjiga faifan ya wadatar. A sama kuwa kibiya ce ke faɗa maka gaba ko baya, kuma kowace kibiya motsi ɗaya take so a daidai bugunta. Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogon ja. Wasan ba ya auna nisan da faifai ya yi, alkibla da lokaci kawai yake dubawa, saboda haka motsin da bai wuce faɗin yatsa biyu ba ya isa. Mai dogon ja, idan kibiyoyi huɗu na gaba suka jero, kafin ta huɗu madannan sun zagaya sun bar ƙarƙashin hannunsa, wuyan hannu ya murɗe.

Za ka kuma lura cewa kartar shuɗi ta fi ta kore wuya. Ba laifin hannunka ba ne. A zaman da aka saba, kore ne a bakin faifai, shuɗi kuma kusa da cibiya, kuma duk abin da ke juyawa ya fi nauyin turawa daga kusa da cibiyarsa. Gwada tura ƙofa daga wajen hinjinta ka gani. Maganin shi ne a ɗora babban yatsa a gefen faifan mai ƙurzunu-ƙurzunu, shi ya yi turin, yatsan da ke kan shuɗi ya tsaya ga dannewa kawai. Sannan a saki madannin da zarar alamar ta ƙare. Wanda ya makara wajen saki, ɗigon da ke biye zai wuce shi yatsansa na ƙasa.

Game da maki, jeri ba kuskure yana kai ninki har huɗu. Akwai gaɓoɓi masu haske a cikin waƙa, idan ka wuce su tsaf sai ka sami Euphoria, wadda ke ninka ninkin ya kai takwas, kuma muddin tana ci, wasan ne ke ja maka sakata da kansa. Wannan na biyun ya fi muhimmanci. Kada a ƙona ta da zarar madannin ya yi ja. A adana ta sai gaɓar da ƙayoyin sakata suka yi yawa. Idan jerin ya yi tsawo kuma, ana ba ka damar mai da waƙa baya: ka wulwula faifan baya da ƙarfi, gaɓar da ta wuce ta dawo ka sake cin makinta. Tarkon a nan shi ne faifan yana ci gaba da juyawa, waƙa ta dawo madannai suna can wani gefe. A wulwula shi zagaye ɗaya cif, a tare shi da tafin hannu, kuma a yi hakan a ƙarshen gaɓa mai yawan alamomi, ba a fili ba inda babu abin ci.

Idan kana bugawa daidai amma wasan na cewa ka kuskure

Kafin ka zargi na'ura, zargi talabijin. Filasma ta zamani tana ɗan riƙe hoto tana gyara shi kafin ta nuna, kuma wannan jinkiri da ba ya damun mai kallon fim yana kashe wasan kiɗa. Lissafin ga shi. Waƙar da ke tafiya bugu 100 a minti, tsakanin bugu da bugu milisakan 600 ne, wato kashi 600 cikin 1000 na sakan. Kartar sauri tana raba bugun gida huɗu, kowane gida milisakan 150. Idan talabijin ta makara da milisakan 80, ta cinye fiye da rabin gidan. Sifikar Bluetooth ta fi muni, jinkirinta yakan kai 150 zuwa 200, gida guda cur ke nan ko fiye.

Don haka sauti ya bi waya, ba iska ba. A shiga saitin talabijin a kunna Game Mode idan tana da shi, a kashe duk wani abin da ke ƙara santsin motsi. Daga nan a shiga saitin wasan, akwai wurin auna jinkiri, a yi shi sau biyu ko uku a ga ko lambar tana tsayawa wuri ɗaya. Duk ranar da aka canza talabijin ko sifika, a sake aunawa. Abin dariya, tsohuwar talabijin mai doro da aka jefa sito ta fi duk wata filasma dacewa da wannan wasa, don ita kusan ba ta da jinkiri sam.

Mai niyyar saye a gwanjo ya kula da abu kaɗan. Kowace na'ura da injin da aka yi ta dominsa: ta Xbox 360 ba ta aiki a PlayStation. Ta PlayStation ba ta magana da injin sai ta wani ɗan ƙaramin risiba da ake soka wa a ramin USB, kuma shi ne ya fi ɓacewa a cikin kaya. Na gitar roba ta wasan Guitar Hero ba ya maye gurbinsa. In babu shi, abin da ka saya ado ne. Ta Xbox 360 tana haɗuwa da injin kai-tsaye, ta Wii kuwa sai an zura rimot ɗin Wii a cikinta. In ba ta Wii ba ce, a buɗe gidan batir, AA biyu take ci, a duba ko tsohon batir ya yi aman farin gari a kan ƙarafan. Ana goge shi da auduga da ɗan ruwan khal, a bari ya bushe. A kife ta a tabbatar makullin da ke haɗa faifai da miksa ya kama, domin idan ya yi sako-sako madannai za su riƙa ɗaukewa a tsakiyar waƙa. Faifan wasa na Wii yana da kullen yanki, na Amurka ba ya tashi a injin Turai. Kuma injin da ya fito daga Amurka, a karanta jikin adaftarsa tukuna: idan 120V aka rubuta, wutarmu ta 230V za ta ƙone ta nan take sai da tiransifomar rage wuta.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, hunturun Kaduna yana cusa gari a cikin ramin sakata, ta fara kartsa-kartsa, layi ya riƙa tsalle a talabijin ba a taɓa shi ba. A hure ramin, a ɗiga sifirit na goge lantarki kaɗan, a kai ta a komo sau ashirin, a bari ya bushe. Kada a kuskura a zuba man keke ko man inji. Ƙurar za ta kwaɓe da shi ta zama laka. In an gama wasa a rufe ta da ƙyalle.

Aikin da aka yi maka tun kafin ka zauna

Yanzu ga inda wasan ya yi shiru. Duk haɗin da ke cikinsa an riga an zaɓi waƙoƙinsa, an daidaita saurinsu, an yanka, an jera. Kai kana bin sawu ne. Hannunka na yin abin da hannun DJ ke yi, amma shawarar ba taka ba ce.

Babban abin da ya ɓace shi ne abin sawa a kunne. DJ na gaske rabin hankalinsa ba ya kan waƙar da jama'a ke ji, yana kan wadda ba su ji ba tukuna. Kunne ɗaya na sauraron fili, ɗaya na cikin hedfon yana shirya mai zuwa. A DJ Hero babu waƙa mai zuwa da za ka shirya.

Abin da ake yi a cikin hedfon ɗin shi ne daidaita sauri. A ce waƙar da ke ci tana bugu 104 a minti, mai shigowa tana 100. Dole a ƙara wa ta biyu kashi 4 cikin 100. Garmahon SL-1200 MK2 yana ba da damar ƙari ko ragi na kashi 8 ne kawai, saboda haka waƙar 100 ba ta wuce 108, waƙar 120 kuma ba ta sauka ƙasa da 110.4. Waɗannan biyun ba za su taɓa haɗuwa a kansa ba, sai an nemo ta uku ta zama gada. Kuma kusa-kusa ba ta wadatarwa. Waƙar 110 da ta 111 bambancinsu bugu ɗaya ne a minti, abin kamar ba komai, amma cikin sakan 6 sun rabu da kusan milisakan 55, kunne ya fara jin ganga biyu-biyu kamar sukuwar dawaki. Kafin rabin minti, bugun wannan ya faɗa tsakiyar na wancan, masu rawa sun tsaya suna waige. DJ yana gyara wannan da ɗan turi ko ɗan riƙe gefen faifai, yana yi yana sake yi har haɗin ya ƙare.

Manhajojin yau, VirtualDJ da Serato da rekordbox, suna da madannin da ke daidaita saurin da kansa, kuma akasarin masu kiɗan biki a Kaduna da kwamfuta da ƙaramar kwantirola suke aiki, ba da garmaho ba. Sai dai madannin yana dogara ne da lissafin da manhaja ta yi wa waƙar, kuma a kiɗanmu takan yi ɓatan kai. Yawancin kiɗan kalangu da waƙoƙin da suka gaji tafiyarsa suna raba bugu gida uku ne, alhali hip hop da kiɗan disko da aka gina manhajojin a kansu suna raba shi biyu ko huɗu. Sai ka ga waƙar da ƙafa ke takawa a 100 an rubuta mata 150, ko an ninka, ko an raba biyu. Tsofaffin waƙoƙin da makaɗa suka buga da hannu kuwa saurinsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa idan wasa ya yi zafi. Irin waɗannan ba a jan haɗinsu da tsawo. A jira ƙarshen baiti, a yanke da sakata a shiga ta gaba a bugun farko. Kuma kafin a yarda da lambar manhaja, a taka ƙafa a ƙirga bugu na sakan 15, a ninka sau huɗu.

Bayan sauri sai gaɓa. Kiɗan rawa na zamani yana tafiya ne huɗu-huɗu, kuma yawanci bayan huɗu sau takwas, wato bugu 32, wani abu yake canzawa: amshi ya shigo, ko ganga ta ƙaru, ko murya ta fita. A saurin 110 wannan kusan sakan 17 da rabi ne. Sabuwar waƙa tana shiga ne a bugun farko na sabuwar gaɓa. Idan ta shiga a tsakiya, ko da saurin ya yi daidai, amshinta zai faɗo a kan baitin waccan, mawaƙa biyu su hau juna kamar gardama a tasha. A nan kam wasan yana da amfani na gaske, ko da bai faɗa maka ba. Ka lura da inda layin kore ko shuɗi ke yin babbar karkata, ka ƙirga daga nan; za ka ga sau da yawa babban canji na gaba yana zuwa ne bayan 16 ko 32. Wanda ya riƙa ƙirgawa da baki yana wasa, zai fara jin zuwan canji kafin ya gan shi a talabijin, kuma makinsa ma zai hau, domin ido yana makara, kunne ba ya makara.

Akwai kuma amo. Ƙara saurin faifai da kashi 6 cikin 100 yana ɗaga muryar mawaƙi da kusan rabin mataki, shi ya sa waƙar da aka ja da yawa take komawa kamar ta yara. Manhaja na iya kulle amon, amma ba za ta sa waƙoƙi biyu da amonsu ke faɗa da juna su shirya ba. Sannan miksar gaske tana da abin murɗawa uku ga kowane faifai: na ƙasa mai kula da bes, na tsakiya mai murya, na sama mai kula da kaifin sauti. Ƙa'idar ita ce bes biyu ba sa zama tare. Mai shigowa tana shigowa da bes a rage, sai a bugun farko na gaɓa a murɗe na tsohuwar ƙasa a ɗaga na sabuwar lokaci guda. In aka bar su duka, sifika ta riƙa kwarkwar, fitilun miksa su koma ja, a ƙarshe a kai ta wajen mai gyara. Na'urar wasan abin murɗawa ɗaya gare ta, kuma sai inda aka yi maka alama yake canza launin sauti. Ƙari a kan haka, waƙoƙin da ake karɓowa wajen masu turawa a waya ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, wata ma da tallar mai turawa a farkonta. Duk sai an saurare su an daidaita ƙarfinsu a gida.

Na ƙarshe ba ya cikin kowace na'ura. A wajen kamu ko dina, amarya ta fito fili, ƙawaye sun zagaye ta ana liƙi, ga waƙa saura sakan 20 ta ƙare. DJ zai kama bugu 8 na amshi ya sa su yi ta zagayawa har kuɗin hannun mutane ya ƙare, wato dabarar Kool Herc ce ta 1973 ta dawo da madanni ɗaya. Yana kallon MC, yana kallon iyaye mata ko sun gaji da kiɗan yara suna son nasu, yana kuma kasa kunne ga masallacin unguwa don ya sauke sauti idan an kira salla. Jama'ar da ke cikin DJ Hero kuwa zane ne, duk abin da ka yi tsalle suke.

Waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun san da wannan giɓi. DJ Hero 2 da ya fito a Oktoban 2010 da haɗi 83 ya buɗe wasu gaɓoɓi inda kai ne ke zaɓar yadda za ka ja sakata ko ka karta, ya kuma ƙara rera waƙa a makirufo don cin maki. Idan za a zaɓi ɗaya, shi ya fi, kuma na'urar farko tana aiki da shi, sai dai bai fito a PlayStation 2 ba. Bai ceci jerin ba. Wasan farko dala 120 aka sa masa a Amurka, a lokacin da mutane suka riga suka cika ɗakunansu da gitocin roba, cinikin bai kai yadda aka zata ba, kuma a Fabrairun 2011 Activision ya rufe sashensa na wasannin kiɗa. Ƙarin waƙoƙin da ake saye ta intanet ma an janye su tun 2014, abin da ke kan faifan shi ne naka.

Wasan da ya juya lamarin shi ne Fuser na kamfanin Harmonix a 2020. Shi ba na'urar roba, amma ya ba ka gurabe huɗu ka ɗauko ganga daga wannan waƙa, bes daga waccan, murya daga wata, jama'a kuma suna aiko da buƙatunsu. Ya ba da zaɓin da DJ Hero ya hana, ya kuma ɗauke aikin hannun da DJ Hero ya bayar, saurin da amon ma shi ke daidaita maka su. An daina sayar da shi a Disamban 2022.

Wanda ya kai mataki na huɗu, wato Hard, a DJ Hero yana son ya gwada na gaske, ga gwaji mai arha. Ya sa VirtualDJ a kwamfuta, kyauta ne ga mai amfanin gida, ya zaɓi waƙa biyu da bambancin saurinsu bai wuce bugu 3 ba. Ya manna takarda a kan wurin da lambar sauri ke fitowa, kada ya taɓa madannin daidaitawa, ya yi ƙoƙarin riƙe su tare na bugu 32 da kunne kaɗai. Sakata da ƙirga za su zo masa da sauƙi, hannun ya riga ya san su. Dawakan nan kuwa zai ji sukuwarsu tun kafin ya kai bugu na 16.